Dan Allah masu ilimin lafiya, da gaske baƙin ciki ne ke ciyar da sankara? Kuma wai Inderal na kashe ta?

Maman Ilham (Unguwar Rogo, Jos):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na rasa wanda zan tambaya ne shi ya sa na kawo nan. Ummanmu aka samu da sankarar mama wata 4 da suka wuce, ɓangaren hagu, yanzu an yi mata ƙarin ruwan kemo sau 2, jan ruwan nan da ke sa fitsari ya koma ja, duk bayan sati 3 muke komawa. Gashinta ya fara zuba, jiya ina taje mata sai naga ya cika matajin, ta karɓa ta dunƙule shi a hannunta ta ce in ɗaura mata ɗankwali kar jikokinta su gani. Amma ba wannan ne ya kawo ni ba.

Muna da ƙane, autanmu, shekararsa 24, shekara 2 kenan ya bar makaranta ya haɗu da abokan banza, taba da shisha da abin da ya fi haka, Umma ta sha kuka a kansa ba kaɗan ba, dare nawa ta raba tana zaune a kan sallaya sai ta ji ƙarar ƙofa ya shigo sannan ta kwanta. To ranar Juma'a Gwaggonmu ta zo dubiya daga Bukuru, a tsakar gida gaban kowa har da yara ta nuna shi da yatsa ta ce kai ka sa wa uwarka wannan ciwon, baƙin cikinka ne ya taru mata a ƙirji ya zama ƙari. Wallahi yaron nan bai ce uffan ba, ya ajiye kwanon tuwon da ke hannunsa ya fita, tun ranar sai tsakar dare yake dawowa kuma ya daina shiga ɗakin Umma, ita kuma kullum sai ta tambaye ni ina autana.

Ana cikin haka sai ga wani bidiyo an turo a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp, wani mutum yana bayani wai Turawa sun gano sinadarin da jiki ke fitarwa in mutum na cikin damuwa yana da wata kafa a jikin sankara da yake shiga yana ciyar da ita, kuma wai maganin hawan jinin nan Inderal yana toshe kafar ciwon ya mutu, kamfanoni ne ke ɓoyewa saboda yana da arha. Gwaggo ta rubuto kun gani ko. Babban yayanmu kuma ya ce gobe a siyo a kyamis a fara ba ta, ai ba a rasa komai ba.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Dan girman Allah wanda ya sani ya faɗa min, da gaske damuwa ce ta jawo mata? Kuma in muka ba ta maganin nan akwai matsala?

Abban Sadiq (Farin Gada):

Wa alaikumussalam. Allah ya ba Umma lafiya ya sa kaffara ne, ya shiryi ƙanenku da namu baki ɗaya. Ni ba likita ba ne amma gaskiya inaga maganar Gwaggo ba za ta rasa tushe ba, ko da yake bai kamata ta faɗa a gaban mutane ba. Ai muna gani tunani na tayar wa mutum da hawan jini, yana hana barci, yana ramar da mutum har ka ga ƙasusuwan wuya, to me zai hana ya kawo wancan ɗin. Mahaifina tunda kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 da kayansa a ciki bai ƙara lafiya ba har ya koma ga Allah. Amma batun magani kam ku dakata masana su zo, kar ku yi gaggawa.

Dakta Safiya (Abuja):

Maman Ilham sannu, Allah ya ba Umma lafiya. Na karanta tun ɗazu ina wurin aiki na ce sai na zauna zan ba ki amsa don maganar ba ta layi biyu ba ce. Abu na farko dai kar a siyo maganin nan, ki tsayar da yayanku yau ɗin nan. Yanzu bari in warware miki inda mai bidiyon ya ɗauko zancensa, don akwai gaskiya a ciki, ya ɗauki ɗan guntunta ne ya ja shi har ya kai inda ba ta kai ba.

Mu a Hausa jijiya ɗaya muke cewa, amma iri biyu ce. Akwai ta jini, akwai kuma ta saƙo wadda take kamar wayar lantarki, ta taso daga ƙwaƙwalwa da laka ta ratsa ko'ina a jiki. In saƙo ya kai ƙarshen wayar sai ta fesa ɗan sinadari, shi ne ɗan aikenta, akwai noradirenalin, asetilkolin, dofamin, sirotonin, gulutamet da sauransu. Ƙwayar halittar da aka aika wa saƙon kuma tana da makarɓi a bayanta, ki ɗauke shi kamar kwaɗo, sinadarin kuma mukulli, kowane kwaɗo da mukullinsa. Kin san in keke napep ya kusa bige ki a titin Bauci yadda gabanki ke faɗuwa zuciya ta hau dukan uku-uku? Adirenalin da noradirenalin ne suka buɗe kwaɗon da ake kira beta a zuciyarki. Inderal aikinsa ya zauna a bakin wannan kwaɗon ya hana mukullin shiga, shi ya sa yake rage bugun zuciya da hawan jini.

To sankara ba baƙuwa ba ce da ta shigo daga waje, ƙwayar jikin mutum ce da ta daina jin umarnin tsayawa, don haka da yawa suna ɗauke da irin waɗannan kwaɗunan, haka ma jijiyoyin jinin da ke kai musu abinci da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kewaye da su. A 2006 masu bincike a cibiyar MD Anderson da ke Houston a Amurka, ƙarƙashin Anil Sood, suka dasa wa ɓeraye sankarar ma'ajiyar ƙwan mace, suna tsare su a cikin ɗan bututu na awoyi kullum yadda ba sa iya motsi don a takura su. Ƙarin da ke jikin waɗanda aka takura ya fi girma, ya fi tsiro da sababbin jijiyoyin jini, da aka ba su furofiranolol, wato ainihin sinadarin da ke cikin Inderal, sai bambancin ya gushe. A 2010 Erica Sloan da abokan aikinta a Los Angeles suka yi irinsa da sankarar mama, su abin da suka gani ma ya fi ɗaukar hankali, ƙarin da ke maman bai wani canza ba amma yaɗuwarsa zuwa wasu sassan jiki ta ninka kusan sau 30. A 2013 aka nuna a birnin New York cewa sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza, tana jawo jijiyoyin saƙo su tsiro cikinta, a 2014 kuma wasu suka yanke jijiyar da ke zuwa tumbin ɓera, wasu ɓerayen aka yi musu allurar Botox mai hana jijiya aika saƙo a wurin, sankarar tumbin ta ragu. Duk wannan gaskiya ne kuma ilimi ne mai kyau, ni kaina ina bibiyarsa da sha'awa.

Amma ki lura da abu biyu. Duka a ɓeraye ne. Sannan a gwajin damuwar nan, sankarar dasa wa ɓeran ita aka yi, ba takurar ce ta haifar da ita ba. Da aka zo kan mutane fa? A Birtaniya an bi mata sama da 100,000 na shekaru, an tambaye su yawan damuwarsu da musibun da suka same su irin su mutuwar aure da rashin makusanci, sakamakon ya fito a 2016, ba a samu cewa masu yawan damuwa sun fi kamuwa da sankarar mama ba. Kuma ƙarin da har hannu zai iya jinsa a mama yawanci ya yi shekaru yana girma a ɓoye. Don haka babu likitan da zai dubi ƙanenki ya ce shi ya sa wa mahaifiyarsa ciwo, ni dai ba zan faɗa ba don ba gaskiya ba ne, kuma maganar Gwaggo ta yi min ciwo sosai da na karanta, na sha ganin irinta a bakin gado, wani lokaci kishiya ake ɗora wa, wani lokaci miji, wani lokaci ita marar lafiyar ce ake ce wa ke kika cika sa abu a rai. Abban Sadiq Allah ya jiƙan Baba, abin da ka faɗa kan hawan jini da barci haka ne, damuwa na taɓa su ƙwarai, amma kowace cuta da hanyarta.

Shi kuma furofiranolol a jikin masu sankara, an duba bayanan mutanen da dama can suna shansa don hawan jini, wasu binciken sun nuna kamar akwai amfani wasu ba su nuna komai ba. A Melbourne ta Ostiraliya an gwada shi a mata 60, aka ba wasu na kwana 7 kafin tiyatar mama, aka ga wasu alamomi a cikin ƙarin sun canza ta fuska mai kyau, amma alamomi aka auna ba warkewa ba. Babu wanda ya ɓoye shi, a fili ake gwajinsa, bai dai kai matsayin maganin sankarar mama ba. Inda ya tabbata shi ne wani jan tsiro na jijiyoyin jini da ke fito wa jarirai a fata, likitoci a Bodo ta Faransa suka gano hakan a 2008, kuma shi wannan ba sankara ba ne.

Makarɓan da nake so ki tambaya a kansu ranar da za ku koma su ne na estirojin da furojestaron da wanda ake kira HER2. Ki ce wa likitanta an yi gwajinsu a naman da aka yanka? Me ya nuna? Su ne ke faɗa ko za ta sha tamoksifen ko makamancinsa bayan kemo, ko tana buƙatar allurar Herceptin. Waɗannan kwaɗunan su ne aka riga aka ƙera wa magani aka tabbatar yana ƙara rai da izinin Allah.

Malam Nura mai harhaɗa magunguna (Jos):

Dakta Allah ya saka da alheri, kin gama magana. Maman Ilham tambaya ɗaya nake da ita kuma ki amsa min da wuri dan Allah, Umma tana da asma ko ciwon suga? Ko ta taɓa yin numfashi mai shessheƙa in sanyi ya shigo?

Maman Ilham (Unguwar Rogo, Jos):

Malam tana da asma tun muna yara, ba kullum ba amma in sanyin Jos ya kankama wajen Disamba da Janairu sai ta yi ta fama, akwai shuɗin abin shaƙar nan Ventolin kullum yana ƙarƙashin filonta. Suga kam babu alhamdulillah. Akwai matsala ne?

Malam Nura mai harhaɗa magunguna (Jos):

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ne ya sa kika tambaya kafin a siyo. Hajiya ki kira yayanku yanzu ba sai gobe ba. Wannan kwaɗon na beta da Dakta ta yi bayani ba a zuciya kaɗai yake ba, akwai irinsa a hanyoyin iska na huhu, kuma Ventolin ɗin da ke ƙarƙashin filon Umma aikinsa kenan, ya buɗe wannan kwaɗon hanyar iska ta saki ta samu numfashi. Inderal kuma toshe shi yake yi. Kinga in ta sha zai iya tayar mata da asmar, sannan in ta ɗauko Ventolin ta shaƙa ya tarar an riga an tare ƙofar ya kasa aiki yadda ya saba. Mai asma ba a ba shi wannan maganin, yana cikin abin farko da ake koya mana a kansa. Ga shi jan ruwan da ake ƙara mata shi ma ana sa ido a kan zuciya saboda shi, duk wani abu da zai taɓa bugun zuciya sai likitanta ya sani. Mai bidiyon ya faɗi wannan? Bai faɗa ba, kuma ba shi zai kwana da ita ba in numfashi ya sarƙe ƙarfe 2 na dare.

Amma in kina son ki ga inda ilimin makarɓan nan yake yi wa Umma aiki yau ɗin nan, ki buɗe ledar magungunan da aka sallame ku da su, ina kyautata zaton za ki ga ondansetiron, wasu na saninsa da Zofran. Mafi yawan sirotonin ɗin jikin mutum, kusan kashi 90 cikin 100, a hanji yake ba a kai ba. In kemo ya shiga sai ya taɓa ƙwayoyin bangon hanji su zubar da sirotonin da yawa lokaci ɗaya, shi kuma ya buɗe kwaɗonsa da ke kan wata doguwar jijiya da ta tashi daga ciki zuwa ƙasan ƙwaƙwalwa inda ake ba da umarnin amai. Ondansetiron wannan kwaɗon yake toshewa. Kafin ya fito a wajen 1990 akwai masu gudun kemo saboda amai kawai, yanzu an samu sauƙi sosai. Matsalarsa yana ɗaure ciki kuma yakan sa ciwon kai, a dinga ba ta ruwa da gwanda da miyar ganye, in ya kai kwana 3 ba ta zaga ba a faɗa a asibiti.

Sai dai aman da ke zuwa a rana ta 2 ko ta 3 bayan ƙarin ruwa yawanci wani ɗan aiken ne daban da nasa kwaɗon, ondansetiron bai cika kama shi sosai ba, akwai afirefitan da aka yi dominsa, akwai deksametason, akwai olanzafin ɗan kaɗan da dare. In tana wannan aman ku faɗa wa likita ya san wanda zai ƙara, kar ku ce ai haka kemo yake a yi haƙuri. Sannan metokulofuramid da ake yawan siya a kyamis don amai, kwaɗon dofamin yake toshewa, wasu yakan murɗe musu wuya ko ido ya kafe sama, in kun ga haka ba iska ba ce maganin ne, a kai ta asibiti akwai allurar da ke warware shi.

Ibn Sale (ɗalibi, Naraguta):

Allah ya ba Umma lafiya Anti. Ni ɗalibi ne a fannin aikin sassan jiki, na ga zancen ya biyo ta inda nake karantawa shi ne na ce bari in ɗan ƙara kan na Dakta in ta ba ni izini. Abin da ya fi girgiza ni a fannin nan shi ne na 2019, rukuni uku suka fitar da sakamako lokaci ɗaya a mujallar Nature. Na Michelle Monje a Stanford da na Frank Winkler a Heidelberg ta Jamus suka nuna cewa sankarar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma ba zama kawai take kusa da jijiyoyi ba, haɗa waya take yi da su, irin mahaɗar da ke tsakanin jijiya da jijiya, jijiyar ta feso gulutamet ƙwayar sankarar ta karɓa da makarɓinta lantarki ya ratsa ta ta ƙara girma da yaɗuwa. Kamar mai jona wuta daga fol ɗin unguwa ba mita. Rukuni na uku a Lozan ta Suwizalan, na Douglas Hanahan, suka ga ƙwayoyin sankarar mama da suka isa ƙwaƙwalwa suna raɓewa a gefen mahaɗar jijiyoyi suna tsotsar gulutamet ɗin da ke zuba. Har akwai wani maganin farfaɗiya, ferampanel, da ke toshe ɗaya daga cikin makarɓan gulutamet, a ɓeraye ya rage wa giliyoma gudu.

Kuma akwai wanda ya riga ya shigo hannun likitoci. Wani ƙari na fitowa a ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya sa mace ta dinga zubar da ruwan nono ba ta haihu ba al'ada ta ɗauke, ba sankara ba ne amma ƙari ne, kabagolin da ke buɗe kwaɗon dofamin yana rage girmansa sau da yawa ba sai an yi tiyata ba. A watan Agustan 2025 ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Modeyso don wata muguwar sankarar tsakiyar ƙwaƙwalwa da ta fi kama yara da matasa, yana taɓa makarɓin dofamin ko da yake yana da wani aikin daban a can cikin ƙwayar. Ina fata wata rana a yi irin wannan binciken a nan gida da namu marasa lafiyar.

Hajiya Ladi (Kubwa):

Ɗiyata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Ni ban san sunayen magungunan nan da su Dakta ke kira ba amma na san jan ruwan nan, shekara 6 kenan da aka cire min na dama, na sha kemo aka gasa min wurin da na'ura a nan Abuja, ga ni ina rubuto miki da hannuna alhamdulillah. Abin da Malam Nura ya faɗa na aman rana ta 3 ni ya faru da ni, ranar da aka ƙara min ruwa lafiya lau nake dawowa har in ci tuwo, sai jibi in kasa ɗaga kai, ko ƙanshin albasa aka soya a maƙota sai na yi amai, na yi zagaye biyu ina ɓoyewa ina cewa kar in dami likita, da na faɗa ya ƙara min wata 'yar ƙwaya ta dare sai abin ya zo da sauƙi. Ki faɗa musu komai, har abin da kike ganin ƙarami ne.

Batun autanku kuma shi ya sa ni hawaye. Ni ma lokacin da na kwanta an ce baƙin cikin auren da maigida ya ƙara ne, har 'yan uwana suka daina gaisawa da amaryar, alhali yarinyar nan ita ke wanke min kwanon amai ita ke dama min kunun gyaɗa da asuba ta zauna tana ba ni cokali-cokali. Ni na san abin da mai jinya ke so, ba ta son a yi faɗa a kanta, so take ta buɗe ido ta ga 'ya'yanta a gefenta. Uwarku tana tambayar ina autanta, to wannan rashin ganin nasa ya fi mata zafi a kan duk abin da ya yi a baya, ki yarda da ni. Ki nemo shi ki zaunar da shi ke da shi, ki karanta masa abin da Dakta ta rubuta, sannan ki ba shi aiki, shi zai riƙe mata jaka ranar asibiti shi zai bi layin karɓar magani. Gwaggo kuma babba ce ba ke za ki tsaya gabanta ba, ki samu wani kawunku da take jin nauyinsa ya yi mata magana a gefe.

Dakta Safiya (Abuja):

Malam Nura na gode da ka tambayi asma, ni ya kamata in fara tambaya ma. Ibn Sale bayaninka daidai ne, Allah ya ƙara basira, sai dai Maman Ilham kar zancen ƙwaƙwalwa ya tsorata ki, ba kowace sankarar mama ke zuwa can ba.

Na dawo ne saboda ƙanenki. In za ki zauna da shi kamar yadda Hajiya ta ce, akwai gaskiyar da ta shafe shi wadda ya kamata ya ji, amma a kan jikinsa ne ba na Umma ba. Nikotin da ke cikin taba da shisha mukullin bogi ne, yana buɗe kwaɗon asetilkolin a ƙwaƙwalwa dofamin ya zubo mutum ya ji daɗi, a hankali ƙwaƙwalwar ta ƙara yawan kwaɗunan ta saba, shi ya sa bari ke da wuya, ba taurin kai ba ne kawai. Ƙwayoyin huhu ma suna da irin wannan kwaɗon, kuma a cikin hayaƙin akwai gubar da ke lalata ƙwayar gado ta kuma hau wannan kwaɗon tana zuga ƙwayar da ta lalace ta ƙi mutuwa. A 2008 an gano wasu mutane sun gaji wani ɗan bambanci a wannan makarɓin da ke sa su fi zuƙa su kuma fi kamuwa da sankarar huhu. Wannan a mutane aka tabbatar, taba na kawo sankara babu ja. Kuma hayaƙin da ke maƙale a rigarsa ma zai iya tayar wa Umma da asma. Asibitocin koyarwa suna da sashen da ke taimaka wa masu son barin shaye-shaye, in ya yarda ku tambaya ranar da kuka je.

Ita ma Umma in barci ya ƙaurace mata ko kuka ya yi yawa a faɗa wa likitanta, ana kula da wannan don ta ji daɗin jikinta ta iya cin abinci ta ƙarasa kemonta. Kar dai a siyo maganin damuwa a kyamis, wasunsu irin su faroksetin na rage ƙarfin tamoksifen in an zo ba ta.

Maman Ilham (Unguwar Rogo, Jos):

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da Aljanna, Dakta, Malam Nura, Mama Hajiya, ƙanena Ibn Sale, Abban Sadiq amin ya jiƙan Baba. Na kira Yaya na karanta masa na Malam Nura, ashe har ya aiki yaronsa ya siyo kati ɗaya yana aljihunsa zai kawo da yamma, ya yi shiru a waya can ya ce ya manta sam Umma na da asma, ya ce zai mayar. Na duba ledar kuma ondansetiron ɗin na nan, ƙananan farare, kuma kwana 4 kenan ba ta zaga ba ni ban san shi ne ba, gobe da safe zan kira nas ɗin da ta ba mu lambarta.

Auta na same shi bayan isha'i a bakin shagon mai shayi, na ce ya rako ni gida, a zaure na ba shi wayar ya karanta da kansa. Ya daɗe yana karantawa ya koma sama ya sake, bai ce komai ba sai ya tambaye ni yaushe ne komawa asibiti na ce Talata. Bai shiga ɗakin ba tukuna amma da asuba na ji shi yana ɗora mata ruwan alwala a kan risho. Na rubuta estirojin da HER2 a bayan katin asibitin don kar in manta, Dakta in sun ba mu takardar sakamakon zan iya turo miki ki duba mana?